Yini ɗaya da jagora a Filorens: babban dutse na je gani, talotalo ya fanshe kuɗina

Wata takwas ke nan ina karatu a Pisa, a ƙasar Italiya. Daga nan zuwa Filorens, wadda mutanenta ke kira Firenze, tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, amma ban taɓa leƙa gidajen tarihinta ba sai Asabar ɗin da ta wuce. Abokin zamana ne ya matsa. Ɗan Wusasa ne, Kirista, kuma tun haɗuwarmu yake cewa ba zai koma Zariya ba sai ya ga mutum-mutumin Dawuda na shahararren masassaƙi Mikelanjelo da idonsa. Muka sayi tikitin wani kamfanin yawon buɗe ido ta intanet. Alkawarinsu shi ne jagora mai jin Turanci, shiga ba bin layi, gidajen tarihi biyu, wato Accademia da Bargello, da zagayen tsakiyar gari a ƙafa.

Sai da na yi ta juya abin a raina kafin mu tashi. Mu a wurinmu Annabi Dawuda, Alaihissalam, ba wanda ake zana wa fuska ba ne, balle a sassaƙa shi a tsayar ba ko ƙyalle. Na faɗa wa abokina haka. Ya ce, "Mutumina, mu ma ba bauta masa muke yi ba. Je ka gani tukuna." A cikin jirgi ya karanta min labarin daga littafin Sama'ila na ɗaya, sura 17: yaro makiyayi, majajjawa, duwatsu biyar masu sulɓi daga rafi, da ƙaton da suke kira Goliyat. Ni kuma na karanto masa aya ta 251 a Baƙara, inda aka ce Dawuda ya kashe Jaluta.

Maganar layi dai sun cika alkawari. Mutane sun yi dafifi a bakin Accademia tun da safe, mu kuwa minti goma ba mu yi ba muka shige. Abin da ba su faɗa ba shi ne mu ashirin da shida ne a bayan mace ɗaya, kowa da 'yar rediyo a wuya da abin sawa a kunne. Tawa sai shuuu take yi da zarar na ba jagorar taku goma.

Dogon zaure ne, Dawudan kuma yana can ƙurya, haske na sauka a kansa daga rufi. Gani ya kori ji. Tsayinsa mita 5.17, daga dutsen mabul guda ɗaya da aka fasa a Carrara. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne hannun dama: ya fi ƙarfin jikin, jijiyoyi sun yi ruɗu-ruɗu a bayansa, kamar na mai sussuka. Majajjawar na rataye a kafaɗar hagu, ta bi ta gadon baya, sai ka zagaya kake ganinta sosai. Babu kan Jaluta a ƙasa, babu takobi. Bai riga ya yi jifan ba. In ka tsaya a gabansa sai ka ce hutawa yake yi. In ka koma gefe ka fuskanci idonsa, sai ka ga goshi a tamke da wuya a murɗe, irin kallon mai auna nisa.

A nan jagorar ta yi aikinta, ba zan tauye ta ba. Ta ce tun 1464 wani masassaƙi, Agostino di Duccio, ya fara taɓa dutsen ya bari, wani ya karɓa shi ma ya bari, ya yi shekaru a yashe a harabar ma'aikatan babban coci. A 1501 aka ba Mikelanjelo, yana ɗan shekara 26, ya gama a 1504. Da can a saman cocin aka yi niyyar ɗora shi, shi ya sa ake jin an ƙara girman kai da hannu don mai kallo daga ƙasa. Da aka ga ba mai iya ɗaga abin da ya haura tan biyar zuwa can, sai aka tara kwamiti, har da manyan masu zane Leonardo da Vinci da Botticelli, aka tsayar da a kai shi ƙofar fadar mulki. Kwana huɗu ana jan sa. Shekara goma kafin nan, a 1494, mutanen garin sun kori gidan Medici, attajiran da ke juya garin, sun kafa jamhuriya, ƙaramar ƙasa a tsakanin manya masu haƙonta. Yaron da ya tsaya wa ƙato kansu suke nufi.

Wannan bayani ne ya kwance min ƙullin da na zo da shi. Mutumin da ke tsaye a can ba Ba'isra'ile ba ne, ko kaciya ba a yi masa ba, abin da abokina ya riga ni lura da shi. Jiki ne irin na gumakan Girka, fuska ta saurayin Filorens, aka laƙaba masa suna don siyasar gari. A haka na kalle shi, a matsayin aikin hannun wani gwani. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da hakan ba, ba zan ce ya zo ba.

Siyasar ma ta taɓa shi. A tarzomar 1527 aka jefo benci daga fada ya karya masa hannun hagu. A 1873 aka ɗauke shi daga filin fadar zuwa Accademia saboda rana da ruwa, wanda ke wurin yanzu kwafi ne na 1910. A 1991 wani ya shigo da guduma ya fasa masa yatsan ƙafa.

A hanyar fita akwai mutane huɗu da Mikelanjelo ya fara don kabarin Paparoma Julius na biyu bai ƙarasa ba. Rabin jiki ya fito, rabi na cikin dutse, sawun ƙarfen sassaƙa na nan layi-layi kamar kunyar gona. Na so in daɗe a wurin. Jagora ta ɗaga 'yar tutarta, muka bi.

Daga nan abin ya fara lalacewa. Mun wuce ta gindin hasumiyar ƙararrawa ta babban coci, ta nuna sama da hannu ta ce wasu 'yan zane-zane ne na sana'o'i, ta ci gaba. Mun isa Orsanmichele, tsohuwar kasuwar hatsi da aka mai da coci, wadda ke da gurbi goma sha huɗu a bango, kusan kowanne na wata ƙungiyar masu sana'a ne: masaƙa, mahauta, maƙera, magina, 'yan canji. Kowace ƙungiya ta biya an yi mata mutum-mutumin waliyyinta, ana gasar wa ya fi. Duk wanda ya san Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa a garuruwanmu zai gane tsarin nan take. A ƙarƙashin gurbin magina, Nanni di Banco ya sassaƙa su a bakin aiki, wani na ɗora bango, wani na gyaran ginshiƙi. Minti biyar ta ba wurin. Amma da muka isa wani shagon kayan fata, sai ga rabin awa cur, wai a nuna mana yadda ake jima. Ba jimar da muka gani, jakunkuna ne da farashi. Ruwa ba ya tsami banza. Ni da na taso ina wuce dukawa kullum, a tsaye na ƙare a bakin ƙofa.

Kusa da nan, a Mercato Nuovo, akwai aladen daji na tagulla, kwafin aikin Pietro Tacca, wanda baƙi ke shafa wa hanci har ya yi ƙyalli, wai don su sake dawowa. Ni ban shafa ba. Ƙasa na kalla, inda aka zuba ciyayin fadama da kwaɗi da ƙananan halittu masu rarrafe, duk da tagulla, mutane na bin layin hanci ba mai duban su.

Sai Bargello, wanda dā gidan shugaban 'yan doka ne kuma kurkuku, kafin ya zama gidan tarihi a 1865. Minti arba'in aka ba mu, kuma a ganina wannan ne babban laifin tsarin nasu, don nan ne kayan suke.

A nan na ga ashe Dawuda ba ɗaya ba ne a garin. Donatello ya yi na dutse tun wajen 1408, sanye da riga. Daga baya ya yi na tagulla, wanda bai kai ni tsayi ba: yaro siriri da malafa da dogon takalmi, takobi ya fi ƙarfin hannunsa, ƙafarsa a kan kan ƙaton, fiffiken hular ƙarfen mamacin ya haura masa ƙafa. Da can a tsakar gidan Medici yake tsaye, da aka kore su aka kwashe shi zuwa fadar gari. Na Verrocchio kuma ɗan ƙwalisa ne, hannu a ƙugu, yana murmushin wanda ya san ana kallonsa. Abokina ya ce na Donatello ya fi kusa da abin da ya karanta, domin a labarin ƙanƙantar yaron ita ce maganar, nasara ba daga damtse ta zo ba. Na yarda da shi. Mikelanjelo ya mai da yaron shi ne ƙaton.

A bango ɗaya an jera alluna biyu na tagulla daga gasar 1401, wadda aka yi don zaɓen mai ƙera ƙofar ɗakin baftisma. Labarin Annabi Ibrahim ne da yankan ɗansa, a nasu littafin Ishaku, ba Isma'ila ba. Na Brunelleschi da zafi yake: mala'ika ya cafke wuyan hannun uban, wuƙa ta riga ta kai maƙogwaro. Na Ghiberti a natse yake, ragon na can saman dutse yana jira. Ghiberti ne ya samu aikin, kuma allonsa bai ci tagulla kamar na abokin takararsa ba. Masu biyan kuɗin ƙungiyar fataken tufafi ce. Ɗan Kantin Kwari ba sai an yi masa ƙarin bayani ba.

Ina neman hanyar sauka ne na faɗa barandar bene, na tarar da tsuntsaye. Giambologna ya zuba su a ƙarni na 16 don kogon lambun Medici da ke Castello: mujiya, mikiya, da talotalo. Talotalon nan ya tsayar da ni. Ya kumbura, ya baza wutsiya, fatar wuyansa ta zubo, gashinsa a hargitse kamar yanzu aka tsokane shi. Ba a goge shi ya yi sulɓi ba, ana ganin inda yatsa ya danna kakin kafin a zuba ƙarfe. A lokacin tsuntsun baƙo ne a Turai, bai daɗe da zuwa daga nahiyar Amurka ba, kuma ka san mutumin nan ya zauna ya ƙura wa mai rai ido. Sak wanda ke bin mu da gudu a gidan kakata ranar Sallah. Na yi dariya ni kaɗai har mai gadi ya waigo. Jagorar ba ta ko ambaci barandar ba, da na tambaye ta sai ta ce ba ya cikin tsari.

Da aka sallame mu, muka ƙara kuɗi daga aljihunmu muka shiga gidan tarihin babban coci, Opera del Duomo, ba jagora. A can ainihin allunan hasumiyar suke, na Andrea Pisano da yaransa, tun ƙarni na 14, an sauko da su daidai ido. Ga mace a bakin masaƙa. Ga maƙeri ya kama ƙarfe da awartaki a kan uwar maƙera. Ga manomi da garmar shanu, san ya ɗaga kai yana gardama. Ga makiyayi ya ɗaga labulen tanti yana leƙen tumakinsa, ɗan karensa a gefe. Sunayen wasunsu daga Attaura aka ɗauko, amma kayan aikin na Filorens ne.

A nan kuma wata ƙofar ɗakin baftisma ta daban da Ghiberti ya shafe shekara 27 yana yi take, daga 1425 zuwa 1452, wadda ake kira Ƙofar Aljanna. Ambaliyar kogin Arno ta 4 ga Nuwamba 1966 ta ɓalle wasu allunanta, shi ya sa wadda ke jikin ɗakin baftisma yanzu kwafi ce. Alluna goma ne masu ruwan zinariya. A na Annabi Yusufu ana rabon hatsi a gaban wani zagayayyen gini, mutane na ɗaukar buhuna, kai ka ce Dawanau. A na ƙarshe Annabi Sulaimanu na tarbar Bilkisu, jama'a sun cika fada suna gulma biyu-biyu. Shi kansa Ghiberti ya leƙo da sanƙonsa daga jikin ƙofar. Awa ɗaya da rabi muka yi, ba mai ɗaga mana tuta.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Rabi. Shiga ba layi da bayanin da ta yi a gaban Dawuda sun cancanci kuɗi. Sauran kuwa gaggawa ce da talla. In zan sake, da kaina zan kama lokacin shiga Accademia ta intanet, na farkon safiya, in tuna ba sa buɗewa ran Litinin, in ba Bargello awa biyu, in ƙare a Opera del Duomo. Mai zuwa da iyali ya sani tun daga gida cewa tsiraici a gidajen nan ba a ɓoye yake ba. A sa takalmi mai taushi, duwatsun titinsu ba sa tausayin ƙafa.

A jirgin komawa abokina na ta tura wa 'yan gidansu hotunan Dawuda. Ni na tura wa Inna na talotalon. Ta aiko da saƙon murya tana tambaya ko na sayarwa ne, kuma nawa suka yi masa kuɗi.