Zuwa ga Yaya a Kurmi: kasuwar littafi a Alkahira

Assalamu alaikum Yaya. Ya kasuwa, ya su Inna da yara? Ka tambaye ni ko littafi ya fi araha a nan tushensa. Gaskiya arahar da kuke jin labari ta ragu. Takarda daga waje suke shigo da yawancinta, kuma tun 2022 fam ɗin Masar yake faɗuwa, sai farashi ya yi ta hawa kamar namu.

Aikin bugun nasu ne ya sha bamban da namu. A lungunan bayan masallacin Azhar shagunan littattafai ne a jere, kowanne da fanninsa. Na ɗauki wani kundin fikihu, bangonsa mai kauri, an ɗinke shi da zare, takardar kuma mai ruwan ƙwai ce da suke kira shamwa, ba ta gajiyar da ido. Sai na tuna bugun da muke sarowa, wanda damina ɗaya ke rabawa da bangonsa. Wallahi raina ya sosu, domin malamanmu da marubutanmu ba su gaza kowa ba.

Baje kolin littattafansu kuwa tun 1969 ake yi, a ƙarshen Janairu. Tun 2019 aka mayar da shi Sabuwar Alkahira, da ɗan nisa, amma iyalai ke zuwa, wasu har da akwatin ja saboda ragin da ake yi. A rumfar hukumar littattafai ta gwamnati ɗalibi zai cika leda da kuɗi kaɗan. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kowane kamfanin ɗab'i da rumfarsa da jerin littattafansa, shi ke tallar marubucinsa. A Kano marubuciya ce za ta biya maɗaba'a, ta kai wa ɗan kasuwa, sannan ta yi ta sintirin karɓar kuɗinta.

Su ma da tasu matsalar. Jabu ya yi yawa. Na sayi wani a bakin titi, ina buɗewa a ɗaki na tarar shafuka da dama babu rubutu. Tsofaffin bugu kuma a kasuwar littattafai ta Azbakiyya ake nemansu, kusa da dandalin Ataba, sai da haƙuri da iya ciniki.

Ka turo min sunayen littattafan da ake yawan tambaya a shago, in kewaya in ji farashi kafin mu yi maganar kuɗin dako. A gaida Inna.