Sikelin kicin mai batir: yana da kyau, amma kar ku biye wa "ml" ɗinsa

'Yan uwa masu sana'ar cincin da kek, bari in faɗa muku abinda na gani game da ɗan sikelin nan mai batir da ake saidawa a kasuwar Sabon Gari, mai ɗaukar kilo 5. Wajen auna fulawa da suga kam ba ni da ta cewa, giram ɗaya-ɗaya yake nunawa, kuma akwai madannin da in kin ɗora kwano kin danna sai ya koma sifili, nauyin kwanon ya fita lissafi kenan.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen da aka rubuta ml. Mai shagon ce min yayi wai har mai da zuma yana aunawa da lita, to gaskiya ba haka bane, sikeli nauyi kawai ya sani. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, shi yasa in kin danna ml lambar bata canjawa, sunan kawai yake canjawa, duk abinda kika ɗora ɗauka yake ruwa ne. Shi kuwa mai bai kai ruwa nauyi ba, ai kina ganin yadda yake tasowa saman miya, litar man gyaɗa wajen giram 920 ce. Na cika robar rabin lita da mai na juye a kwano, ya nuna min 460, na zuba zuma daidai wannan robar ya haura wajen 700, don ita litarta ta kai kilo 1.4.

Saboda haka in an ce ki sa mai 250ml, ki bar shi a giram ki zuba 230. In kika jira sai ya nuna 250 to kin zuba kusan 270, ga tsadar mai ga kwaɓi ya yi maiƙo. Haka jarka mai lita 25, man cikinta wajen kilo 23 ne, kar ki je kina faɗa da mai mai wai ya tauye miki mudu. Sannan kar a ce nauyi ne ke nuna zuma mai kyau, ruwan suga mai kauri shi ma nauyi gare shi.

Abinda ke ban haushi kawai yana kashe kansa da wuri, kina juyawa ɗauko ƙwai ya mutu. Ki saya, ya fi kintace da gwangwani nesa ba kusa ba, amma ki ajiye kofin awo a gefe saboda mai.