Karatun tsaron intanet daga ɗakina a Gombe: abin da na samu da abin da ya ci mini

Tun da aka ji a unguwa cewa ina digirin tsaron intanet ba tare da na taka harabar jami'a ba, da wuya mako ya wuce wani bai tare ni ba, ko a shago ko bayan sallar Isha'i, da tambaya iri ɗaya: "Wai karatun nan na gaske ne, ko kuɗin mutane kawai ake ci?" Maganar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta ta a tsanake, ko wani zai amfana kafin ya zuba kuɗinsa.

A Tudun Wada nake zaune a nan Gombe. Ina da difloma a kimiyyar kwamfuta, kuma ina aiki ƙarƙashin wani maigidana da ke haɗa wa ofisoshi da makarantu intanet da kyamarorin tsaro. Ga iyali, ga hidimar mahaifiya, don haka ajiye aiki in koma aji na shekara huɗu bai ma taso ba. A farkon 2023 na yi rajista da wata jami'a da ke Amurka wadda komai nata ta intanet ake yi, daga darasi har jarrabawa, a fannin tsaron intanet da kula da hanyoyin sadarwar kwamfutoci. Yanzu ina cikin shekara ta uku. Ba zan kama sunanta ba, domin ba talla na zo yi ba, kuma ina da ƙorafe-ƙorafe.

Kamar yawancin samarinmu, na shiga ne da zumuɗin a koya mini yadda masu kutse ke aiki. Zangon farko da na biyu ko ƙanshin wannan ban ji ba. Abin da aka ajiye a gabana shi ne matakai bakwai da saƙo ke bi daga wata kwamfuta zuwa wata, da yadda adireshin IP yake, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a hanyar sadarwa, da lissafin sifili da ɗaya. Na yi makonni ina fama da rarraba adireshi. A ce maka ga rukuni mai adireshi 256, wanda 254 ne kawai za a iya bai wa na'urori, ka raba shi gida huɗu, kowane gida 64, masu amfani 62, sannan ka faɗi inda kowanne ya fara da inda ya ƙare, ba tare da na'urar lissafi ba. Na cika littafi guda da wannan aikin. A lokacin raina ya sosu, amma yau ina ganin nan ne jami'ar ta fi yi mini adalci. Wanda bai san ƙofofin gida da tagoginsa ba, ba a ba shi gadinsa. Duk kwas ɗin da ya fara da nuna maka Kali Linux, manhajar gwajin kutse, a makon farko alhali ba ka san aikin DNS ba, wato tsarin da ke fassara sunan shafin intanet zuwa adireshin IP, gini yake maka ba tushe.

Tsarin karatun ya burge ni. Kowane mako akwai abin karantawa, da bidiyon da za ka iya saukewa ka ajiye, da ƙaramar jarrabawa, da aikin gwaji. Da Packet Tracer na kamfanin Cisco muka fara, inda za ka jera rauta da suwic (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna da kuma intanet) da kwamfutoci a kan allo, ka ja musu waya, ka rubuta umarni kamar kana gaban na'urar gaske. Daga baya aka kai mu Wireshark, manhajar da ke nuna maka kowane ƙunshin bayani da ke wucewa ta waya. Malamai ba sa wasa da lokacin miƙa aiki, kuma idan ka aika tambaya, yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu amsa za ta zo, a rubuce dalla-dalla.

Ranar da na tabbatar kuɗina bai faɗi a banza ba, a wata makaranta mai zaman kanta ce. An kira mu cewa rabin kwamfutocin ɗakin jarrabawarsu ba sa ganin sabar, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗaukar bayanai daga gare ta, alhali jiya lafiya lau suke. Oga ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da na'urar gwaji, duk fitilun sun kama. Muka sauya suwic, ba abin da ya canza. Zafi ya yi zafi, shugabar makarantar na leƙowa kowane minti goma. Sai na duba adireshin ɗaya daga cikin kwamfutocin da suka ƙi, na ga ya fara da 192.168.0, alhali mu 192.168.1 muka tsara wa wurin. Na jona laftof ɗina, na buɗe Wireshark, na sa ya nemi sabon adireshi. Amsa biyu suka fito a allo daga na'urori biyu daban. Na ce, "Oga, akwai wata rauta a ginin nan da ba tamu ba, ita ma rabon adireshi take yi." Ya kalle ni, ya ce, "Ka tabbata, ƙanena?" Muka bi ofis-ofis. A ƙarƙashin teburin wani ma'aikaci muka same ta, ƙarama, fara, ya kawo ta daga gida don wayarsa ta samu intanet. Muna zare ta muka sake kunna kwamfutocin, ɗakin gaba ɗaya ya dawo. A mota Oga bai ce komai ba sai da muka kusa shago, sannan ya ce, "Ashe karatun dare yana da rana." Har yau ina jin daɗin maganar nan.

To amma shi ma wannan aikin, ba don shekarun da na yi ina riƙe wa Oga tsani ba, da ban iya shi ba. Nan ne babban giɓin karatun intanet yake. A Packet Tracer ɓera ba ya cin waya, ƙurar hunturu ba ta toshe fankar suwic, tsawar damina ba ta ƙona komai. Ka ja layi da linzami, fitila ta yi kore, shi ke nan. An koya mini a bidiyo cewa wayar haɗa kwamfutoci ta Cat6 ba ta wuce mita 100, an kuma nuna mini jerin launuka takwas da ake bi wajen sa mata kai: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Na haddace su. Amma yadda za ka fere bawon wayar ba ka ji wa na ciki rauni ba, ka miƙe su da babban yatsa, ka datse su daidai wa daida, ka tura har tagullar ta taɓo ƙarshe kafin ka matse, wannan a hannun Oga na gani, kuma sai da na ɓata kawuna da yawa kafin hannuna ya faɗa. Cikin abokan karatuna akwai waɗanda makinsu ya fi nawa, amma da bakinsu suke cewa ba su taɓa riƙe suwic na gaske ba. Jami'ar ba ta da wani tsari na haɗa ɗalibin da ke nesa da wurin koyon aiki, kuma a ganina wannan gazawa ce babba ga fanni irin wannan.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta kusa raba ni da karatun. Da dala ake biya. Lokacin da na fara, dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, zuwa watan Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Kuɗin makarantar bai ƙaru da ko sisi ba a wajensu, amma a aljihuna ya ninka. Ga shi a lokacin katin naira ba ya biyan kuɗi a waje, sai ka nemi wanda zai biya maka ka ba shi ladansa. Dole na rage yawan kwasa-kwasan da nake ɗauka a zango, wanda ke nufin karatun zai ƙara tsawo. Na rubuta musu na bayyana halin da ake ciki, amsar da na samu ta ladabi ce, amma ba ta rage mini komai ba.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta a takardar shiga ba. An cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, janareta ya zama sai dole. Na haɗa ƙaramin sola da batir ɗaya, wanda zai riƙe laftof da rauta da fitila. Data kuwa bidiyo ke cinye ta, ga shi a farkon 2025 an amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Ita kanta kwamfutar sai da na ƙara mata ƙwaƙwalwa daga giga 8 zuwa 16, domin idan aka zo darasin kai hari da karewa, kwamfutoci biyu ko uku za ka tayar a cikin taka ta manhajar VirtualBox, ɗaya mai hari, ɗaya abin hari. A zafin Maris da Afrilu na Gombe, fankarta kan yi ta kuka har sai na ɗora ta a kan murfin tukunya biyu don iska ta ratsa ƙasanta. Ga bambancin lokaci: darasin kai tsaye da suke sawa ƙarfe bakwai na yammarsu, a nan sha biyun dare ne ko ɗaya, gobe kuma da sassafe akwai aiki. Maiɗakina ta yi haƙuri da yawa a kan wannan, Allah ya saka mata da alheri.

Jarrabawa ana yin ta ne da kyamara a kunne, a ɗaki kai kaɗai, kuma idan intanet ya yanke ana iya rufe maka. Ba zan manta ranar Alhamis 14 ga Maris 2024 ba, muna cikin azumi. A ranar ce manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta rikice a ƙasashe da dama, har hada-hadar banki ta tsaya wa mutane. Ni kuma ina da jarrabawa. Na gwada layuka biyu, na hau babur zuwa shago, duk labarin ɗaya ne. Sai da na yi kwanaki ina aika saƙo, ina haɗawa da rahotannin labarai, kafin a yarda a sake ba ni dama. An ba ni, na gode, amma na fahimci an gina tsarin ne a kan ɗalibin da wutarsa da intanet ɗinsa ba sa ɗaukewa.

Haka abin yake a cikin darussan ma. Dokokin da aka koya mana na Amurka ne da na Turai. Da kaina na nemo Dokar Laifukan Intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, na karanta. Ina roƙon duk mai wannan karatu ya yi haka, musamman ƙannenmu masu ɗokin gwada Nmap, manhajar leƙen buɗaɗɗun ƙofofin na'ura, a kan intanet ɗin maƙwabta. Shiga na'urar wani ba da izininsa ba laifi ne a dokar ƙasa, ko da niyyarka koyo ce. Misalan darasi kuma na manyan kamfanoni ne, irin harin WannaCry na 2017 da ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Suna da amfani. Amma ɓarnar da ake mana a nan ta fi zuwa ta kiran waya: a ce daga banki ne, a nemi lambar BVN ko lambar sirrin da aka turo maka yanzu. Gwaggona an kira ta an ce za a sa ta a rukunin tallafi, ta karanto lambobi shida da suka shigo wayarta, nan take aka ƙwace mata WhatsApp aka fara roƙon kuɗi da sunanta. Da muka dawo da shi na kunna mata kariya mai mataki biyu, na zauna na yi mata bayani da Hausa. Ta ce, "Ɗan nan, ai da ka faɗa mana tun tuni." Tun daga ranar, duk gidan da na shiga aiki sai na duba wa mutanen gidan wannan.

Ga mai niyyar shiga, abu biyu zan ce ya bincika kafin ya biya ko kwabo. Na farko matsayin takardar. Hukumar NUC ce ke tantance jami'o'i a Najeriya, takardun ƙasar waje kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ke duba su, don haka idan burinka aikin gwamnati ne ko bautar ƙasa, ka nemi amsa daga wajensu, kada ka tsaya ga abin da jami'ar ta rubuta game da kanta. Jami'ar NOUN, wato buɗaɗɗiyar jami'ar Najeriya ta karatu daga nesa, tana da cibiya a nan Gombe kuma da naira ake biya, ya kamata ka je ka ji abin da suke da shi ka kwatanta. Na biyu, masu ɗaukar aiki a wannan fanni sukan tambayi takardar ƙwarewa irin CCNA ta kamfanin Cisco ko Security+ tare da digirin. Jarrabawar CCNA dala 300 ce, awa biyu ake yi, takardarta kuma shekara uku take aiki kafin a sabunta. Ba ta cikin kuɗin makarantata, sai dai darussan sun share mini hanyarta sosai.

Da zan koma baya, zan sake shiga, amma sai na fara yin wata uku a darussan kyauta na Cisco Networking Academy, inda ake samun Packet Tracer ba ko sisi, in ga ko zan jure zaman dare ni kaɗai ba malami a kaina. Ga ma'aikaci mai iyali da ke da wurin da hannunsa ke taɓa waya da rana, karatun ya cancanci wahalarsa. Yaron da ya gama sakandare jiya kuwa, wanda bai da shago bai da maigida, ba zan ba shi shawarar ya fara ta nan ba.

Watan jiya na sayi tsohon suwic na Cisco mai ƙofa 24 a hannun wani da ya zo da shi daga Kano. Fankarsa na da ƙara, ƙofa biyu sun mutu, sauran suna aiki. Yana kan tebur kusa da batirin sola, a kansa nake maimaita duk abin da aka ba mu a allo. Ɗan yayana kan zo ranar Asabar da rana, na fara koya masa sa wa waya kai.