Ƙwayar Kaska da Na Ba Tsohon Karena a Daminar Bana

Duna ya shekara 10 yana gadin gidan kajina a Rigachikun. Gemunsa ya yi furfura, ƙafafun baya sun fara nauyi. Kowace damina, da zarar ciyawa ta tashi, kaska ke cika masa kunnuwa da tsakanin yatsu. A da maganin wankan shanu nake damawa in wanke shi, yana ƙuruciya bai taɓa damuwa ba. Bara kuwa, bayan wanka ya kwanta yini guda yana dalalar da yawu, ko ruwa bai sha ba. Tun ranar na daina.

A watan Yuni na kai shi wurin likitan dabbobi a cikin gari. Kafin ya yi maganar magani sai da ya ɗora shi a sikeli, kilo 18, ya buɗe bakinsa ya duba dasashi, ya ɗebi jini. Ya ce, "Alhaji, kaska ba jini kaɗai take sha ba, tana sa cutar da ke fasa ƙwayoyin jini. In ka ga dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja, kada ka kwana da shi a gida." Ya kuma tambaye ni ko Duna ya taɓa farfaɗiya, domin a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irin ƙwayar kaskar da zai ba shi na iya jawo karkarwa ko farfaɗiya ga wasu karnuka. Na ce bai taɓa ba. Sannan ya ba ni ƙwayar kaska mai suna Bravecto, ta masu kilo 10 zuwa 20.

Ƙwaya ɗaya ce, taunawa ake yi, tare da abinci. Haƙoransa sun lalace, sai na gutsuttsura ta a cikin tuwo da romo, na tsaya a kansa har ya lashe kwanon. Washegari na ga kaska a shimfiɗarsa sun bushe. Cikin mako guda susar dare ta tsaya, ƙuma ma ta ɓace. Bai yi amai ba, cin abincinsa bai ragu ba. Abin da ya fi min daɗi shi ne na huta da jiƙa tsoho da ruwa a sanyin Agusta.

Sai dai a sani, ƙwayar ba ta korar kaska, sai ta ciza take mutuwa. Kuma jar kaskar karnuka a tsagar bango take ɓuya, mace ɗaya na zuba ƙwai dubbai. Na yi sumunti na toshe tsagogin ɗakinsa, na ƙone tsohon buhun da yake kwana a kai, na sa aka nome ciyawar bayan katanga inda shanu ke bi. Tsutsar ciki ma maganinta daban ne, shi ma da awon nauyi.

Kuɗinta ba kaɗan ba ne, amma sau ɗaya ake bayarwa a mako 12, kuma na ga amfaninta. Maƙwabcina ya ce in shafa masa baƙin mai kawai. Don Allah kada a yi haka, kare yana lasar jikinsa, hantar tsoho kuwa ba ta ɗaukar guba. Na rubuta ranar ƙwaya ta gaba a bangon ɗakin kaji, kuma sai an sake auna shi kafin in ba shi.