Lubar roba da ta alminiyam: abin da na gani a akwatin inbata na

Tun da na haɗa sola a gida, inbata da batura biyu a lungun baranda suke zaune, a fili. Ƙura ta hau su, kaji su hau su, ga ƙaramin yarona ya fara kai hannu wajen fitilar da ke ƙyalli. Sai na sa wani dattijon kafinta a unguwarmu ya haɗa mini akwatin katako mai hawa biyu, batura a ƙasa, inbata a sama, da falanki a tsakani wanda ya raba su gaba ɗaya. Rabawar dole ce, domin batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, kuma ba a son ta haɗu da inda tartsatsi ka iya tashi. Ɓangaren batura na bar masa ramuka sama da ƙasa da raga kawai. Ɓangaren inbata shi ne na sa wa fanka, kuma a kan murfin bakin fankar nan, wato luba, nake son yin magana.

Fankar irin ta kwamfuta ce, mai milimita 120, bolt 12. Na je kasuwar Sabon Gari a Kano neman abin da zan rufe bakinta daga waje, mai shago ya ajiye mini iri biyu a kan teburinsa. Ɗaya ta roba ce fara, mai ganye uku masu lilo, iska ta ture su su buɗe, fanka ta tsaya su faɗo su rufe da kansu. Ɗayar ta alminiyam ce, ganyenta a kafe suke, sun sunkuya ƙasa kamar lubar taga ta da. Ta robar ta fi araha, ta fi kyau a ido, kuma maganar rufewa da kanta ta burge ni saboda ƙurar hunturu. Ita na ɗauka.

Da na kai wa kafinta, ya juya ta a hannu, ya hura mata iska da baki, ya ce, “Alhaji, wannan ƴar fankar taka za ta iya ɗaga wannan kuwa?” Na ce, “Baba, ai don haka aka yi ta.” Bai ƙara magana ba, ya ɗaura.

Matsalar farko tun a wajen ɗaurawa ta fito. Ramukan sukurun fanka mai milimita 120 tazarar milimita 105 ce tsakaninsu, na lubar kuwa sun fi haka faɗi, domin asalinta ta bangon banɗaki ce, wadda ake haɗawa da bututu. Sai da aka huda sabbin ramuka huɗu. Wannan ƙaramin abu ne.

Babban abin shi ne gaskiyar Baba. Fankar kwamfuta tana kaɗa iska da yawa idan gabanta a buɗe yake, amma ba ta da ƙarfin turi. Da zarar an tare ta da wani abu, iskar sai ta ragu ƙwarai. Ganyen sama yana ɗagawa kamar rabi, na tsakiya da ƙyar yake motsi saboda yana daidai cibiyar fankar inda ba iska, na ƙasa kuwa sai ya riƙa kaɗawa yana ƙas-ƙas-ƙas dare da rana. Uwargida ta ce kamar an ajiye mata agogon bango a bakin taga. Na saka ma'aunin zafi a ciki a watan Afrilu, lokacin da bazara ta kankama: baranda tana digiri 39, cikin akwatin yana 48, fankar cikin inbatar kanta ba ta hutawa. Sau biyu inbatar ta yi ƙara ta kashe kanta da tsakar rana.

Ban yi saurin ɗora wa lubar laifi duka ba. Na duba na ga ramin shigar iska da muka yi a ƙasa ya yi ƙanƙanta, muka faɗaɗa shi, zafin ya sauka da digiri biyu. Sannan wata rana na cire lubar gaba ɗaya na bar ramin a buɗe, sai ga 42. A nan na tabbatar ita ce ke shaƙe fankar.

Rufewar da na saye ta dominta ma ba ta daɗe ba. Ƙura ta taru a ƴan sandunan da ganyen ke lilo a kansu, ganye ɗaya ya maƙale a buɗe, zanzaro ya samu hanya ya fara gini a kusurwar ciki. Gefen da rana ke bugu da yamma ya koma ruwan ɗorawa, da na zo gogewa wani kunne ya karye a hannuna kamar busasshen kara.

Na koma na sayo ta alminiyam, amma wannan karon na ɗauki wadda ta fi fankar girma, mai milimita 150. Dalili kuwa, ganyen da ke kafe suna cinye kusan rabin bakin ramin, don haka idan lubar daidai take da fanka, an sake shaƙe ta ke nan. Baba ya yi ɗan firam na katako mai kaurin yatsa biyu tsakanin fankar da lubar, don iska ta samu wurin bazuwa kafin ta fita. Wannan dabarar tasa ce, kuma ita ta kashe wani gurnani da fankar ke yi idan ganye ya matse ta. Bayan lubar muka shimfiɗa ragar sauro ta ƙarfe. Da wannan haɗin, ranar da baranda ta kai 39, cikin akwatin bai wuce 43 ba, kuma tun daga nan inbatar ba ta sake kashe kanta ba.

Ba wai ba ta da aibi ba. Bakin ganyen yana da kaifi, ya yanke ni a yatsa kafin na bi shi da takardar goge katako. Ba ta hana ƙura idan fanka ta tsaya, abin da take tarewa shi ne feshin damina da ƙadangare da hannun yaro. Ita ƙurar ma ta ramin ƙasa ta fi shigowa, can na manna siririn soso da nake cirewa in wanke duk mako biyu a hunturu. Idan na manta, ma'aunin zafi ne ke tuna mini, domin yana hawa da digiri biyu ko uku.

Wanda fankarsa babba ce ta wutar gida, irin ta banɗaki ko ɗakin girki, ta robar za ta yi masa aiki, musamman a inuwa. Ga fankar kwamfuta kuwa ba zan sake sayenta ba. Ta alminiyam na ba ta huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe saboda yatsana. Ta robar tana nan a shagon Baba, ya ce zai liƙa ta a kejin tattabarunsa, ya tokare ganyen da tsinke.