Hattara da mai tallan boris ɗin J5 da Ducato a WhatsApp

'Yan uwa direbobi da masu motocin haya, musamman masu Peugeot J5 da Fiat Ducato irin waɗanda Turawa suka mayar ɗakin kwana suna yawon shaƙatawa da su kafin a shigo mana da su ta Kwatano, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke bin guruf-guruf na WhatsApp da Facebook yana tallan boris ɗin taya, wai na kamfanin ƙera boris na SKF ne na asali, a farashin da ko sari ba a samunsa haka. Ba shi da shago. Sai ka tura kuɗi tukuna, sannan ya ba direban tasha kayan ya kawo maka.

Tsohon boris yake sayarwa. Ya wanke shi da fetur, ya goge, ya cika shi da giris mai kauri don kada ya yi ƙara a hannu, ya sa a sabon kwali. Na ga guda da idona a garejin da nake gyara. Da bakanike ya share giris ɗin da tsumma, sai ga ƙananan ramuka jere a inda ƙwallayen ke gudu, gefe guda kuma ya yi shuɗi-shuɗi, alamar ya taɓa cin wuta a wata motar.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne amsar da yake ba wanda ya koma da kuka: motarka tsohuwa ce, hanya ba kyau, bakanikenka ne ya ɓata. Maganar tana shiga kunne domin akwai gaskiya a cikinta. Tun 1993 aka daina ƙera J5. Wadda aka yi ɗakin kwana da ita ta yi rayuwarta ɗauke da gado da kabad da tankin ruwa da tukunyar gas, kullum a kusa da iyakar nauyinta, sannan a ajiye ta wata da watanni lokacin sanyi. Zaman nan ma cuta ne: danshi ya shiga, giris ya bushe, tsatsa ta ci daidai inda ƙwallayen suka zauna. Ta iso nan kuma mu ɗora mata buhunan masara har sama, mu faɗa ramuka, ruwan damina da ƙura su bi ta sil (robar da ke toshe bakin boris) ɗin da ya mutu. Ga bakaniken da ke buga boris da guduma maimakon matsa shi da faras (injin matsi), ko ya ɗaure noti fiye da ƙima, ko ya gauraya giris iri biyu. Duk waɗannan suna kashe boris da wuri. Amma ramin da ke jikin wanda ba a taɓa ɗaurawa a motarka ba, wace hanya ce ta yi shi?

Kada ku biya sai an buɗe kwalin a gaban bakanikenku, an wanke an duba. Kamfanin SKF yana da manhajar waya mai suna SKF Authenticate, ka ɗauki hoton kayan da kwalin ka tura musu su duba. In za a canja boris, a canja sil tare da shi.

Wanda ya riga ya ɗaura kayan mutumin nan, don Allah kada ya ɗauki fasinja sai ya duba. Idan kana jin gurnani mai ƙaruwa da gudu, yana sauya murya in ka karya kwana, ko hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kai, yana zafin da hannu ba ya iya taɓawa, tsaya. A ɗaga motar da jak, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza. Boris in ya kama da wuta yana iya ƙamewa, taya ta fice ana tsakiyar gudu da mutane cike da mota. Ka ajiye shaidar tura kuɗin da hirarku, ka kai wa bankinka da 'yan sanda.