Saitin ƙananan giyoyi 48P na motar rimot: ƙarfen ya yi, notin ne matsala

Saitin da ake sarowa ta intanet ba tare da sunan kamfani ba yana zuwa da ƙananan giyoyi biyar na bakin inji, masu haƙora 13, 15, 17, 19 da 21. Duk 48P ne, wato lambar girman haƙoransu, ramin tsakiyarsu kuma milimita 3.175. Ka duba waɗannan lambobi biyu kafin ka biya. In sandar injinka mai milimita 5 ce, ba za su shiga ba. In kuma babbar giyarka, wadda ƙaramar ke juyawa, 32P ce, ko mod 0.6, wani ma'aunin haƙori da ke kama da 48P a ido, haƙoran ba za su zauna ba, sai cin juna.

Ɗauki motar rimot Traxxas Slash mai ja da tayoyin baya, samfurin XL-5. Tana fitowa da ƙarama mai haƙori 16, babba mai 90, giyabos ɗinta kuma na rage juyi sau 2.72. Ka raba 90 da 16, ka ninka da 2.72, ka sami 15.3: inji ya juya sau 15.3, taya ta juya sau ɗaya. Ƙarama mai haƙori 19 na saukar da wannan adadi zuwa 12.9, gudu ya ƙaru, zafi ya biyo baya. Mai 15 na kai shi 16.3, ƙarfin tashi ya ƙaru, inji ya samu sauƙi.

A Katsina 15 da 17 ne za su fi aiki. Yashinmu mai laushi yana riƙe taya, inji ya yi ta wahala ko da ba ka ga gudu ba, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 tun kafin a kunna mota. Mai 21 sai a fili mai tauri da doguwar miƙa, da sanyin hunturu. Masu ɗora ta don a ce motarsu ta fi gudu su ne ke sayen sabon inji.

Kada ka yi tsalle. Ƙara haƙori biyu, tuƙa minti biyar, auna jikin inji da ma'aunin zafi irin na makanikai. Na goshi ba zai karanta ba. In ya wuce digiri 70, koma baya.

Ƙarfen giyoyin mai kyau ne, an yanka haƙoran daidai, kuma an buga lamba a jikin kowace, abin da wasu masu arha ba sa yi. Ƙaramin notin ɗaurewa ne mai laushi, kansa na saurin cinyewa. Sa alanki mai milimita 1.5 wanda bakinsa bai lalace ba, ɗiga gam ɗin noti mai shuɗi, ka ɗaure a kan shafaffen gefen sandar inji.

Wajen haɗa haƙora, saka siririyar takarda tsakanin giyoyin, matso da inji, ɗaure, sannan ka juya takardar ta fita. Ya rage ɗan motsi kaɗan. In ta matse za ka ji kuka da zafi, in ta saki haƙoran babbar giya ta roba za su tafi. Ka mayar da murfin giya ko yaushe, don tsakuwa ɗaya ta isa ta fasa haƙori.

Saitin ya ci kuɗinsa, amma ka haɗa da babbar giya ta ajiya da notuna masu tauri a oda ɗaya.